Tayar Baya ta Hagu

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, a duk ƙasar da jirgi ya sauke ku wannan karon. Mu nan lafiya ƙalau. Ƙafar Baba ta daina kumburi, yana cin abinci, yana faɗa da rediyo kamar yadda ya saba. Ido kuma da sauƙi. Maigidana yana gaishe ka. Bai ce ba, amma da na tambaye shi zai ce.

Na koma rubuta maka wasiƙa ne saboda a waya ba ka da magana sai "Yaya, ina cikin aiki, zan kira." Takarda ba ta katse mutum. Na san za ta zauna a akwatinka na masana'anta har ku dawo daga yawonku. To, ta zauna. Ni a ɗakin karatu nake aiki, jira ba baƙona ba ne.

Barka da nasara, kun sake cinye tseren motocin. Ban san ko ta nawa ce a bana ba, don mai sharhi ma ya daina ɗaga murya in zai faɗa.

Bari in ba ka labarin yadda ake kallonku a gidan nan, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Ranar Lahadi Baba yakan yi wanka tun da hantsi, ya sa rigar nan mai aljihu biyu da yake sawa lokacin yana tuƙin bas. In jawo masa kujera gaban talabijin, ya ce in ƙara matsowa, in ƙara. Ba tseren yake kallo ba. Jira yake motarku ta shigo canjin taya, masu hular kwano su yi mata caa, ya nuna wanda ya durƙusa a tayar baya ta hagu ya ce, "Ga shi nan." Dukanku kala ɗaya ne, ba fuska ba suna, amma shi ya rantse yana gane ka ta yadda kake karkata kafaɗa. Daƙiƙa biyu ake yi a gama. Saboda su yake wankan.

To, bana an daina nuna su. Motarku a gaba take tashi, kafin a kammala zagayen farko ta yi nisa, kuma mai kyamara ba mahaukaci ba ne da zai bi mota ɗaya tana yawo ita kaɗai a kan kwalta kamar mai neman adireshi. Sai ya koma can baya inda ake gwabzawa a kan na takwas da na tara. Ranar Lahadin da ta wuce, a rubuce kawai muka ga kun canja taya, a wani ɗan layi da ke gefe. Ni na karanta masa. Ya ce, "An yi?" Na ce an yi. Ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya. Ya gyara zama, ba a jima ba barci ya kwashe shi da rigar a jikinsa.

Kawu Kwandasta, abokin aikinsa na bas, ya daina zuwa kallo. Ya ce in dai mota ce yake son gani tana tafiya ba mai wuce ta, zai tsaya bakin titi ranar da wani babba zai wuce da jiniya, ko ba komai zai sha iska.

Ka ce za ka zo in an gama da batun kofin gasar bana. Yadda kuke tafiyar nan, ba na jin batun zai kai ƙarshen shekara. Ka faɗa mini wata, in gyara ɗaki.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Na amsa sallama. Ina lafiya, sai gajiyar jirgi da kuma baya da ke ɗan yi mini tsiya in na daɗe a durƙushe. Na ji daɗi da ƙafar Baba ta sace, ido kuma ya yi sauƙi. Ki gaishe shi ƙwarai. Ki gaida maigidan naki da bai gaishe ni ba.

Wasiƙarki ta kwana biyu a akwati kafin mu dawo. Na karanta ta a tsaye, na yi dariya a wurin mai neman adireshi, sannan na ji haushi.

Yaya, kin san abin da ke bayan motar nan da kike cewa tana yawo? Kowace safiya a masana'anta ana turo mana mota da hannu, mu canja mata taya, a mayar da ita baya, a sake turowa. Mu uku ne a kowace taya: ɗaya ya cire tsohuwa, ɗaya ya ɗora sabuwa, ni in kwance notin in ɗaure da injin da muke kira bindiga. Noti ɗaya ne tal a tsakiya. Muna yi har hannu ya daina shawara da kai. In kika ga mota ita kaɗai a gaba, to mutane ne ɗaruruwa da ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Ni wannan bai taɓa sa ni hamma ba.

Kin manta shekarun da muke can baya, kina turo mini "Allah ya kawo rabo"? A lokacin wasu ne suke cinyewa, ban ji kin ce abin ya gundure ki ba. Doka ɗaya ce ga kowa, ba mu ɗaure wa kowa ƙafa ba. Ke da kike zaune cikin littattafai, in marubuci ɗaya ya fi kowa iyawa, cewa za ki yi ya rage hannu don sauran su samu shiga?

Batun kyamara ba a hannunmu yake ba, ma'aikatan talabijin daban ne. Amma na yi magana da wani kanti a nan kusa da ku, za su kawo wa Baba babbar talabijin, irin wadda ake rataye wa a bango. Ya daina manne wa waccan ƙaramar.

Zancen zuwa kuwa, shugabanmu ya hana kowa ambaton kofi sai ya shiga hannu. Ki ɗan ƙara haƙuri.

Autanku.

* * *

Auta,

Gaisuwa da fatan bayan ya saki. Ka riƙa shafa masa wani abu, kai ma ba yaro ba ne yanzu. Baba lafiya. Ido da sauƙi. Na ɗauke ƙaramin teburin falo na kai ɗakinka, don ya gaji da cin karo da shi.

Talabijin ta iso. Ƙarti biyu suka ɗauko ta, sai da muka sauke hoton Inna daga bango kafin ta samu wuri. An gode. Yanzu Baba yana ganin motocin wasu mutane da girma sosai.

Ka tambaye ni batun marubuci. A'a, ba zan ce ya rage hannu ba. Amma in ya rubuta littafi ɗaya ya riƙa canja masa bango duk mako, zan ajiye shi a kanta ta sama inda ƙura ke hutawa, kuma ba zan ji na zalunce shi ba. Na karanta tarihin sarakuna da dama. Wanda ya daɗe a kan mulki cikin zaman lafiya, ba yaƙi ba tawaye, rabin shafi ake ba shi, kuma ɗalibai tsallake shi suke yi. Ba wai bai yi ƙoƙari ba ne, ƙila ma ya fi kowa. Amma yabo ake yi masa, ba kallo ba. Ku ma ku karɓi yabonku. Sai dai kada ku ce dole mutum ya zauna yammacin Lahadi guda yana kallon mutane ɗaruruwa ba sa kuskure. Agogon bango ma ba ya kuskure, ban taɓa ganin an jawo masa kujera ba.

A da da wasu ke cinyewa ban yi ƙorafi ba, gaskiyarka. A lokacin kuna can baya kuna kokawa, kullum kuna cikin hoto. Son kai ne, ban musa ba.

Ga sabon labari. Baba ya samu sabuwar ƙungiyar da yake goya wa baya. Akwai wata koriyar mota da kullum take cikin rigima a baya, direbanta yana cusa hanci duk inda ya ga kafa. Baba ya sa masa suna Ɗan Haya, wai tuƙinsa irin na direban motar haya ne. Ya ce da a bas ne da tuni ya kore shi, amma Baban ba ya barci in Ɗan Haya yana kan hanya. Makanikansu ma ya san su, don kullum sai sun yi wata ɓarna an nuna su. Akwai wani mai ƙiba a cikinsu da ya taɓa fitowa da tayar gaba zai ɗora a baya. Baba ya yi dariya har da tari. Ya fi sanin kafaɗar wannan mutumin a bana fiye da taka.

Ranar Lahadi, da na sake karanta masa ɗan layin nan cewa kun canja taya, sai ya ce, "Allah ya sa tayarsu ta fashe, ko sau ɗaya." Na ce amin ban ma sani ba.

Na ji a rediyo cewa saura ƙiris kofin ya shiga hannu. Ɗakin yana nan, sai dai yanzu da teburi a ciki.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Ina fatan kowa lafiya.

Mun ɗauki kofin. Na san kin ji. Na dawo masana'anta da murnata, ana ta rungumar juna, na buɗe akwati na tarar da wasiƙarki.

Kin san abin da ake nufi da taya ta fashe a irin wannan gudun? Ba bas ba ce da za a gangara gefen hanya a sa dutse. Na taɓa tsayawa ina kallo ana yanka mota don a zaro direba. Mutumin da ya koya mini riƙe bindiga da sanda yake tafiya yau, wata mota ce ta shigo a karkace ta kwashe shi. Direbanmu yana da 'ya'ya ƙanana, sukan zo gareji su zauna a kan tayoyi. Wannan kuka yi wa addu'a, ke kuma kika ce amin, don yammacin Lahadinki ya yi armashi.

Ban yarda Baba ya faɗi haka da kansa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi bai taɓa kwantar da fasinja a asibiti ba? Ke ce kike zaune kusa da shi kina zuba masa sarakunanki da agogonki har ya ɗauka. Tun muna yara haka kike, in abu bai burge ki ba sai kin tabbatar bai burge kowa ba.

In ya fi son Ɗan Haya da mai ƙiba, Allah ya ba su sa'a. Ni ban iya ɗora tayar gaba a baya don a nuna ni ba.

Batun zuwa: ba yanzu ba. Akwai sauran tsere, kuma shugabanmu yana so mu cinye su duka, abin da ƙungiyar nan ba ta taɓa yi ba tun kafuwarta. Ba wanda zai samu hutu sai an gama na ƙarshe. Tunda kin ce Baba lafiya, ido kuma da sauƙi, ban ga abin gaggawa ba. Zan zo in an rufe shekara.

Ki gaishe shi. Ki ce masa mun ci kofi, in abin ya dame shi.

Auta.

* * *

Auta,

Gaisuwa. Ina lafiya. Baba ba lafiya.

Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa maka ba sai kofi ya shiga hannu. Ya ce mai ɗaure noti ba a ba shi abin tunani. Kofi ya shiga, alkawari ya ƙare.

Idon hagu ya tafi tun farkon shekara. Na dama yana rufewa daga gefe zuwa tsakiya. Likita ta ce jijiyar ce, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, magani rage masa gudu kawai yake yi. Abin da ya saura yanzu kamar leƙe ne ta kafar mukulli. In zai ga fuskata sai ya yi ta juya kai har ta faɗo cikin kafar. Na tambaye ta ko zai kai ƙarshen shekara. Ta duba takardunta, ta gyara su, ta sake gyara su.

Na rubuta maka "da sauƙi" don abin da ake rubutawa ke nan. Kai ma ɗan gidan nan ne. Inna da sauƙi take har ranar da aka fita da ita. Na ce maka na ɗauke teburi daga falo, ba ka tambayi dalili ba. Na ce maka yana manne wa talabijin. Ka aiko da babba.

Addu'ar tasa ce, ba tawa ba. Ba mutuwar kowa yake nema ba. A tunaninsa na tsohon direba, in taya ta yi faci mota za ta lallaɓo ta shigo, kyamara ta biyo ta, ya gan ka. Iyakarta ke nan. Amin ɗin nawa ne, kuma ban janye ba.

Na faɗa masa kun ci kofi. Ya sa na kira Kawu Kwandasta a waya don ya yi masa gori.

Ban ce ka zo ba. Na gaji da faɗa. Na dai sanar da kai, don kada wata rana ka ce da ka sani.

Yayarka.

* * *

Auta,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kana cin abinci. Shiru ba amsar waccan wasiƙar, wayarka kuma a kashe tun ranar Lahadi. Ba laifi. Baba yana nan yadda na faɗa maka.

Duniya ta ga abin da ya faru, amma ba ta gan shi daga falonmu ba, don haka bari in ba ka.

An fara kamar kullum. Motarku ta yi gaba, kyamara ta koma wurin Ɗan Haya. Baba har ya fara gyangyaɗi. Sai aka buɗe wani ɗan ƙaramin hoto a kusurwa, motarku tana shigowa. Na taɓa shi na ce, "Baba, ga su." Kafin ya nemo kusurwar na san an gama, don haka ban ma sa rai ba. Taya uku suka ɗauru, masu su suka ja da baya. Motar ba ta tashi ba.

Sai ƙaramin hoton ya cika bango.

Ban taɓa jin mai sharhin nan yana ihu haka ba, na ɗauka ya mutu tun tsakiyar shekara. Ga ka nan a durƙushe, ka cire bindiga, ka mayar, ka sake cirewa. Wani ya miƙo maka wata. Direba yana dukan sitiyari. Motoci suna ta wucewa a bayanku, ja, fara, har da koriyar. Baba ya tashi tsaye, ya dafa bango da hannu biyu, hancinsa a jikin gilashi. Ni ina riƙe da rigarsa ta baya kada ya faɗi. Bai ce "ga shi nan" ba.

Da motar ta samu ta fita, sai suka maimaita. Daga sama, daga gefe, daga ƙasa, a hankali kamar ana tafiya cikin ruwa. Duk abin da suka hana shi tun farkon shekara suka biya shi a yammaci ɗaya. Kawu Kwandasta ya ji a rediyo, ya faɗo mana falo ba sallama, yana haki yana cewa, "Direba, ɗanka ya tsayar da duniya!" Baba ya ce masa, "Matsa, kana tare mini haske."

Can kusa da ƙarshe suka shiga da kyamara cikin garejinku. Kana zaune a kan taya, ka cire hular kwano, ka ajiye ta tsakanin ƙafafunka. Sun daɗe a kanka, marasa kunya. Baba ya yi ta juya kai, sama, ƙasa, gefe, har ya tsaya cak. Na san ya same ka. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ya yi furfura."

Na ce, "Ya yi, Baba."

Ya koma ya zauna. Bayan an jima ya ce, "A karkace ya kama ta. Tun yana ƙarami nake faɗa masa, a bar taya ta zauna tukuna." Suka kama musu da Kawu a kan ko laifinka ne ko na mai ɗora tayar, har shayinsu ya huce. Rabon da in ji muryarsa haka tun Inna tana da rai.

Jar mota ce ta ci. Ɗan Haya ya zo na uku, ya yi kuka kamar an yi masa haihuwa. Jaridu sun ce tseren da ya fi kowane daɗi ke nan a bana, kuma haka ne, ni ma ban tashi ko sau ɗaya ba. Ka ga na ci musun da muke yi. Na zaci zan ji daɗin cin.

Akwai tambayar da ba zan yi maka ba. Wata dabam zan yi: waccan wasiƙar, kafin tseren ka karanta ta ko bayansa?

Yayarka.

* * *

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Ina cin abinci. Na kashe wayar ne saboda 'yan jarida da kuma masu zagi, waɗanda ban san inda suka samo lambata ba.

Kafin tseren na karanta. A jakata ta yi tafiyar.

Tambayar da kika ce ba za ki yi ba, na ji ta. Ban yi da gangan ba. Ki cire wannan daga ranki, kada ki mayar da ni mutumin cikin littafi. Ba zan zubar da wahalar mutane ɗaruruwa don kaina ba, ko don Baba.

Ga abin da ya faru. In mota tana shigowa, idona a kan tsakiyar taya yake tun daga nesa, ba na ganin komai sai shi. Ranar nan, tana karyo kwana, na ɗaga kai na duba ko mai kyamara yana wurin. Ban taɓa yin haka ba tunda na fara aikin nan. Yana wurin. Da na mayar da ido, hannuna ya riga ni. Tsohuwar ta fita lafiya, amma na danna bindiga kafin sabuwar ta gama zama, haƙoran notin suka cinye. Baba ya yi gaskiya, ki faɗa wa Kawu ya bar mai ɗora taya ya huta.

Na faɗa wa shugabanmu haka, ban ɓoye ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa wani a wurina har ƙarshen shekara. Batun baɗi ya ce za a duba. Direban ya zo har inda nake ya ba ni hannu, wannan ya fi komai ciwo.

Abin da na rubuta miki a waccan wasiƙar, na san kin ajiye shi, kuma za ki fito da shi ranar da kika ga dama. Na yarda.

Ba ni da aiki yanzu sai sharar gareji, don haka na nemi hutu aka ba ni ba musu. Tikiti yana hannuna, cikin makon nan zan taso. Ki gaya mini yadda idon yake. Kada ki ce da sauƙi.

Autanku.

* * *

Auta,

Gaisuwa. Wannan hotonta zan ɗauka in turo maka ta waya, don kada ta je ta tarar ka taso. Ka kunna wayar.

Kafar ta ƙara tsukewa tun ranar tseren. Jiya ya nemi kofin shayinsa da hannu, alhali yana gabansa. Da yamma ba ya ganin komai sai inda fitila take. Da safe, in rana ta shigo ta tagar ɗakinsa, yakan samu ɗan abu. Wani lokacin.

Don haka ka saurara. Ko da wane lokaci ka iso, ka gaishe shi, ka ba shi hannu, amma kada ka ce ya dube ka, zai yi ƙoƙari ya kasa, ransa ya ɓaci. Ka bari sai da safe. Zan zaunar da shi ya ba taga baya. Kai ka durƙusa a gabansa, ta hannun dama, haske a fuskarka. Durƙuso dai ka iya. Kada ka sa hula. Kada ka motsa, kada ka taimake shi, ka bar shi ya nemo ka da kansa. Ban yi maka alkawarin zai samu ba.

Waccan wasiƙar na ajiye ta, gaskiyarka.

Ɗaki a gyare yake. Za ku kwana da teburi da kwalin talabijin ɗinka, ku san yadda za ku raba wurin. Maigidana zai ɗauko ka a filin jirgi. Wannan karon shi ya ce.

Na karanta wa Baba bayaninka, ban da wurin kyamara. Wannan kai za ka faɗa masa in ka ga dama. Ya saurara har ƙarshe, ya ce bai gamsu ba. Ya ce in ba su jefar da notin ba, ka roƙa su ba ka, ka taho da shi. Na ce, "Baba, me za ka gani a jikin noti?" Ya ce ba gani zai yi ba, a sa masa a hannu kawai.

Ka taho da shi.

Yayarka.